Masu bincike daga makarantar likitoci suna neman jininmu a Agege: mu yarda ko mu ƙi?

Baban Walida (Agege):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku kan wata magana da ta zo gaban kwamitin masallacinmu, ni kuma aka ɗora wa rubuta amsa. Ranar Juma'a bayan an sauko, wata likita mai koyarwa a ɗaya daga cikin makarantun likitanci na nan Legas ta zo da ɗalibanta huɗu, suka kawo takarda. Suna so su auna hawan jini da suga na duk wanda ya haura shekara 30 a unguwarmu, su ɗebi jini kaɗan, sannan su riƙa zuwa duk wata suna wayar mana da kai har wata shida. Ta ce aikin haɗin gwiwa ne tsakanin makarantarsu da wata jami'a a Ingila, kuɗin ma daga can ya fito.

Zuciyata ta rabu biyu. A bana kaɗai mun yi jana'izar mutum uku da suka yanke jiki suka faɗi, ɗaya a bakin rumfarsa, kuma babu wanda ya taɓa sanin yana da hawan jini. Amma shekara huɗu da suka wuce wasu sun zo da irin wannan magana, suka ɗebi jinin mutane da yawa, suka raba sabulu da bokiti, har yau ko takarda ɗaya ba mu gani ba. Dattawa ba su manta ba. Ga shi kuma fom ɗin da matar nan ta kawo da Turanci da Yarabanci aka rubuta shi. Ina haɗin gwiwa a nan, in wanda za a soka wa allura bai san abin da zai dangwala wa hannu ba?

Alhaji Mai Tumatir (Mile 12):
Wa alaikumus salam. Baban Walida, kada ka wahalar da kanka, ka rubuta musu an gode, Allah ya ba da sa'a. Ina Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya haɗa yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi a kan 'ya'yansu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara 13 ana jan magana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Sani Keke (Ijora):
Gaskiyar Alhaji. Ni tambayata ɗaya ce: jinin nan ina za a kai shi? In awo ne kawai ai ɗigo ɗaya a ɗan yatsa ya isa, kamar yadda ake yi a kemis.

Dakta Rabi:
Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa ya faru, kuma da shi ake buga mana misali a aji in ana koyar da abin da bai kamata mai bincike ya yi ba. Amma ka dubi abin da ya biyo baya. Tsoron da abin ya shuka yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin namu ne. Wato sau biyu muka yi asara, da farko don ba a tambaye mu ba, na biyu don mun rufe ƙofa gaba ɗaya. Sai da aka shigo da sarakuna da malamai cikin aikin sannan aka ga haske, har aka kai Agustan 2020 da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Tun 2007 ƙasar nan tana da rubutacciyar ƙa'ida ta binciken lafiya, da kwamitin ƙasa mai suna NHREC da ke sa ido. Duk binciken da za a yi a kan ɗan Adam sai kwamitin ɗa'a na makarantar ko asibitin ya duba ya ba da izini da lamba. Baban Walida, ka ce ta nuna maka wannan takardar, ka duba lambar da ranar da izinin zai ƙare. Dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Wanda ya shiga yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi komai ba. In kuma jini zai ƙetare ƙasar, akwai wata yarjejeniya daban da makarantun biyu ke sa wa hannu. Haƙƙinku ne ku ga duk waɗannan.

Malam Sani, ɗigon ɗan yatsa yana nuna sugan wannan lokacin ne kawai. In ana so a san lafiyar ƙoda, ko kitsen jini, ko yadda suga ya kasance cikin wata uku da suka wuce, yawanci sai an ɗiba a jijiya. Amma tambayarka tana nan daram, su faɗi inda za a kai shi.

Alhaji Mai Tumatir (Mile 12):
'Yata, takarda ai ko a Kano an nuna takarda. Rubutu daban, aiki daban.

Kawu Bala (Yaba):
Ku bari tsoho ya sa baki. Shekara 31 na yi ina aikin ɗakin gwaje-gwaje kafin na yi ritaya, kwalaben jinin da suka bi ta hannuna Allah kaɗai ya san yawansu. Maganar haɗin gwiwa da Turawa a garin Ikko ta girmi kowa a cikinmu. A 1925 Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa sansanin binciken zazzaɓin shawara a nan Yaba, a yankin da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, take yanzu. Ɗaya daga cikin likitocin, Adrian Stokes, cutar da ya zo bincike ita ta kashe shi a nan Legas a 1927. A wannan shekarar ce aka ɗebi jinin wani mutum a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, sunansa Asibi, yana fama da zazzaɓin. Daga ƙwayar cutar da aka samu a jininsa aka yi allurar rigakafin shawara, wadda ake yi wa jarirai a wata tara, wadda kuma ake ba matafiyi katin nan mai ruwan ɗorawa a kanta. Max Theiler da ya haɗa allurar ya karɓi kyautar Nobel a 1951. Sunan Asibi kuwa sai a littattafan masana.

Abin da nake so ku gane shi ne, Alhaji da Dakta duk a kan gaskiya suke. Jinin mutum ɗaya ya tsare miliyoyin rayuka, da ya ƙi bayarwa da an yi asara. Amma wa ya koma ya gaya wa mutanen garinsu abin da jininsa ya zama? Wannan komawar ita ce kullum ake mantawa. A zamanin aikina na sha ganin sakamakon mutane a ajiye cikin fayil, an gama rubuta rahoto an aika waje, masu jinin ba su ji komai ba. Har yau abin yana damuna.

Habibu (Ketu):
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Ni aikin tattara bayanai nake yi wa masu bincike, shekara shida ke nan, mu ne masu yawo da kwamfutar hannu gida gida. In an zo unguwar Hausawa ni ake turawa gaba saboda harshe. Ni ke lallashin maigida, ni ke fassara, ni ke shan zagi in an ƙi. In aiki ya fito a mujallar Turai, sunayen farko na mutanen waje ne, na tsakiya na farfesoshinmu, mu kuwa ko a layin godiya ba kullum ake tunawa da mu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma tambayoyin da muke yi wa mutane sau da yawa daga waje aka tsaro su. An taɓa ba ni fom da ke tambayar ɗan dako sau nawa yake motsa jiki a mako, mutumin da ke sauke buhun albasa tun asuba.

Dakta Rabi:
Habibu, ba zan musa maka ba, ni ma na ga irin wannan. Sai dai akwai haɗin gwiwar da aka gina ta wata fuskar, ya kamata a san da shi don mu san abin da za mu nema. A 2010 gwamnatin Amurka ta fito da shirin MEPI, dala miliyan 130, na makarantun likitanci 13 a ƙasashen Afirka 12. Abin da ya bambanta shi shi ne makarantun Afirka aka damƙa wa tallafin kai tsaye, su ne shugabannin aikin, jami'o'in Amurka abokan tafiya. A Najeriya Jami'ar Ibadan ce ta ja gaba, tare da Jos da Maiduguri da ABU Zariya da Jami'ar Najeriya ta Nsukka da Jami'ar Legas, abokan waje kuma Northwestern da Harvard. Ka ga a nan malamin Zariya da na Legas sun zauna teburi ɗaya suna gyara manhaja, suna koyon rubuta neman tallafi da kansu. Ni wannan haɗin na cikin gida ya fi burge ni a kan na ƙetare.

Matsalar da ba mu magance ba ita ce kuɗin. A Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ayyuka da yawa tsayawa suka yi cak. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayyarmu ba ta taɓa kaiwa ba. Mai kuɗi shi ke zaɓar tambayar da za a bincika, shi ya sa Habibu yake yawo da fom irin wancan.

Maman Sadiq (Idi-Araba):
Sannunku da hira. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da yaro mai sikila, shekararsa 9, saboda haka na san amfanin abin da kuke musu a kansa. Gidanmu ba nisa da LUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, kuma Gidauniyar Sikila tana tsallaken titi. A can ake yi wa yara wani hoton kai da ke nuna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, don a gane wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun bai faɗi ba. Da aka yi wa Sadiq aka ce nasa ya yi sama, aka ɗora shi a kan wani magani mai suna haidiroksiyuriya. Likitar ta gaya mini cewa a Kano aka yi binciken da ya nuna maganin nan yana kare yaranmu daga shanyewa, likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi tare. Iyayen Kano ne suka yarda aka bi 'ya'yansu shekara da shekaru ana ɗibar jini. Da sun ce an gode, Allah ya ba da sa'a, ni ban san inda ɗana yake yau ba.

Alhaji, ba rashin kunya nake maka ba wallahi, kai uba ne. Amma Kanon da aka cuta a 1996 ita ce dai ta yi wannan aikin daga baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhaji Mai Tumatir (Mile 12):
Allah ya ba Sadiq lafiya, ya sa kaffara ne. Ban ji haushi ba 'yata. Amma ki lura, can likitocin gida ne a gaba, masu jin Hausa, waɗanda in abu ya ɓaci an san ƙofar gidansu. Wannan matar ta Agege wa ya san ta?

Mubarak (ɗalibin likitanci, aji biyar):
Baba Alhaji, ina neman izini in yi magana a matsayin ɗaya daga cikin irin ɗaliban da ake turowa. A ajinmu mu biyu ne ke jin Hausa. In an kawo mara lafiya Bahaushe ɗakin gaggawa, sau da yawa maigadi ko mai sayar da ruwa ake kira ya fassara. Ka yi tunanin mace tana bayanin ciwon mara ta bakin namijin da ba ta sani ba. Rabin maganar a ciki take haɗiye ta. Kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas tana Idi-Araba tun 1962, katanga ɗaya tsakaninta da unguwar Hausawa, amma ɗalibi zai iya shekara shida bai taɓa zama a zauren Bahaushe ba.

Kuma akwai abin da ba a faɗa muku. Masu bincike da yawa gudun unguwanninmu suke yi. Suna cewa mutanenmu ba sa zama, da damina sun tafi noma, da Sallah sun tafi gida, lambar waya ta canza, bibiya ta gagara. Sai a rubuta rahoto a kan lafiyar mutanen Legas babu mu a ciki, gwamnati kuma da wannan rahoton take tsara inda za ta sa asibiti da magani. Malamar da ta ɗauko ƙafa ta zo har masallaci ta yi abin da wasu ba sa yi. Ni ina ganin a kama ta da sharaɗi ya fi a kore ta.

Sista Talatu (ungozoma, Alimosho):
Mubarak ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku maza kuna ta maganar masallaci, matan fa? In a harabar masallaci bayan Juma'a za a yi awon, kun cire mata ke nan, alhali hawan jinin mai ciki shi ke kawo jijjiga. Dole a ware rana da gida na mata, mace ta ɗebi jinin mace. Kuma a nemi yardar maigida don zaman lafiya, amma ita ma a tambaye ta da bakinta, jikinta ne.

Ga masu cewa bincike ba ya dawowa kanmu, ga abin da na sani a aikina. Da can da ido muke ƙiyasta jinin da mace ta zubar bayan haihuwa, kuma ido yana yaudara, kafin ka farga ta galabaita. An yi wani babban bincike mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata fiye da 200,000, tare da Jami'ar Birmingham. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai jego, jinin ya taru a ga yawansa, in ya kai layi a haɗa duk magungunan lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira. Da sakamakon ya fito a 2023, mummunan zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Wadda ta ja ragamar aikin a Najeriya Farfesa Hadiza Galadanci ce ta Jami'ar Bayero. Akwai kuma IVON, wanda Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranta, mata masu ciki 1,056 a Legas da Kano, aka gwada maganin ƙarin jini na ƙwaya da wanda ake sawa ta jijiya sau ɗaya. Bayarabiya da Bahaushiya, Legas da Kano, a kan matsalar matanmu. Irin wannan nake so in ga ya sauko har unguwa.

Hajiya Mai Abinci (Obalende):
Ni maganar wayar da kan ce ta fi tsaya mini. Kun tuna Ebola a 2014? A nan Obalende asibitin yake, inda Dakta Adadevoh ta hana mutumin nan ɗan Laberiya da ya shigo da cutar fita, ita ma cutar ta kashe ta. To mu nan da muke maƙwabtaka da wurin, saƙon da ya fara iso mana da Hausa ba daga likita ya zo ba. Waya ce daga gida da tsakar dare, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Na tashi 'ya'yana na yi musu. Daga baya muka ji har rasa rai an yi saboda shan gishirin. Haka lokacin kwalarar 2024, ni dai ban ji mai lasifika ya shigo layinmu da Hausa ba. In ɗaliban nan za su riƙa zuwa duk wata, to ko jinin ba a ɗiba ba wannan zaman kaɗai riba ne, don ranar da wata annoba ta zo mun san wanda za mu kira mu tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dakta Rabi:
Hajiya, kin faɗi abin da ya fi duk abin da na rubuta. Mutum 20 suka kamu da Ebola a Najeriya, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoban 2014 aka ce ƙasar ta fita. Abin da ya cece mu haɗin kai ne: ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na Idi-Araba ya tabbatar da cutar da wuri, ma'aikatan da suka saba aikin shan inna suka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da mara lafiya. Amma gishirin ya riga likita isa gidajenmu, saboda shi ta bakin ɗan uwa ya zo.

Malam Ƙarami (Alaba Rago):
Bismillah. Ta fuskar addini neman magani da neman sanin cuta babu laifi a cikinsu, hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Amma jinin mutum da sirrin jikinsa amana ne. Kada liman ya tashi a mumbari ya ce kowa ya je, don mutane za su ɗauka umarni ne, wanda bai so ba zai ji kunyar ƙi. A sanar kawai, a bar kowa da zaɓinsa. Kuma kada a karanta sakamakon wani a gaban wani, ko da ɗan uwansa ne.

Sani Keke (Ijora):
Allah ya gafarta Malam, ga wata kuma. In an auna ni aka ce jinina ya hau, sai me? Maganin kullum ne har mutuwa, wa zai saya? Gara ban sani ba da a gaya mini a bar ni da tunani.

Sista Talatu (ungozoma, Alimosho):
Malam Sani, rashin sanin ba ya sauke jinin. Mutum ukun da Baban Walida ya ambata ai ba su sani ba. Magungunan farko na hawan jini ba su kai tsadar jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba, ga kuma inshorar jihar, Ilera Eko, wadda yawancin mutanenmu ko sunanta ba su ji ba. Amma ka yi gaskiya, kada su auna su tafi. A sa cikin sharaɗi cewa duk wanda aka samu nasa ya hau, a ba shi takarda zuwa asibitin sha ka tafi mafi kusa, a kuma bincika ko ya je.

Baban Walida (Agege):
Na gode ƙwarai, na karanta wa kwamiti duk abin da kuka rubuta, har na Alhaji ban rage ba. Jiya muka kira malamar, ta zo ita da ɗalibi ɗaya, muka zauna a zauren mai unguwa kusan awa biyu.

Takardar izinin kwamitin ɗa'a tana tare da ita, na ɗauki hotonta na tura wa Dakta Rabi. Kan fom ta amsa laifi ba gardama, ta ce ba ta da mai fassara ne. Mun ce a juya shi zuwa Hausa, a kuma naɗe shi da murya, don da yawa cikin dattawanmu ajami suke karantawa. Ta yarda da ranar mata daban a gidan Hajiya uwargidan mai unguwa. Ta yarda kowa zai karɓi sakamakonsa a rufe a hannunsa cikin mako uku, kuma in an gama aikin za ta dawo ta yi wa unguwa bayanin abin da aka gano da baki, kafin mu ji shi a wani wuri. Mun nemi a ɗauki yaranmu biyu da suka gama sakandare, mace da namiji, a koya musu awon jini, a biya su, a kuma bar mana na'urar awon in sun tafi. Ta ce na'ura biyu za ta iya, albashin sai ta duba kasafinta. Awon suga kuma tun da ba a son mutum ya karya, mun ce bayan sallar Asuba, kafin a fita kasuwa.

Inda muka tsaya biyu ne. Ta faɗi gaskiya cewa wani kaso na jinin Ingila za a kai, saboda akwai gwajin da ba su da na'urarsa. Kuma ta ce ba za ta yi alkawarin magani kyauta ba, don babu shi a kuɗin da aka ba ta, ba ta son ta faɗi abin da ba za ta cika ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa na fara yarda da ita, domin waɗancan na baya babu abin da ba su yi mana alkawari ba.

Habibu (Ketu):
Yaya, kan jinin da za a fitar, ku ce a raba akwatin amincewa biyu a fom ɗin. Ɗaya na awo a nan, ɗaya na kaiwa waje. Wanda ya yarda da na farko bai yarda da na biyu ba, a yi masa awonsa a ƙona ragowar. Ana yin haka, na yi aiki da irin wannan fom. Ku kuma tambaya shekara nawa za a ajiye shi a can, da ko za a yi wani binciken daban da shi. Fassarar ni zan yi, ba na son ko sisi, amma a rubuta sunan unguwa da na yaran nan biyu a rahoton.

Dakta Rabi:
Na duba takardar, lambar da kwanan watan sun yi daidai da yadda ake bayarwa. Gobe zan kira ofishin kwamitin in tabbatar da bakinsu. Habibu, in ka gama fassarar ka turo mini, Mubarak kuma ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga ta asali ba, mu ga ko ma'ana ta zame a wani wuri. Sabon fom ɗin ma sai ta mayar wa kwamitin sun sa hannu kafin a fara aiki da shi.

Alhaji Mai Tumatir (Mile 12):
Ni dai jinina ba zai je Ingila ba, ko da akwati goma aka yi a fom. Amma kwana biyun nan ƙeyata tana sara in na yi lissafin dare. In an sa ranar awon ku gaya mini, zan zo in ga matar da idona, a ɗaura mini abin hannun. In na ga sun dawo da takardun mutane a mako ukun da ta faɗa, zan yi wa shugabannin kasuwarmu magana su ma a je can.

Sista Talatu (ungozoma, Alimosho):
Alhaji, ciwon ƙeyar nan kada ka jira ranar Agege. Ka shiga kemis ko asibitin kusa da kai yau ɗin nan a auna ka, ka turo mana lambobin biyu, na sama da na ƙasa.

Baban Walida (Agege):
Asabar ta sama za mu sake zama da ita bayan La'asar, a kan maganar akwati biyun da albashin yaran. Maman Sadiq, in da hali ki zo ranar matan ki faɗa musu abin da kika faɗa mana, sun fi jin ta bakinki. Habibu, fom ɗin shafi huɗu ne, yanzu zan turo maka.